Fayil Ɗinka a Hannun Hukuma, Sunanka a Bakin Duniya

Da hantsin ranar Alhamis, 14 ga Agustan 2014, wasu 'yan sanda cikin farin kaya suka shiga wata unguwar masu hannu da shuni a Sunningdale, yamma da Landan. Suna ɗauke da takardar izinin kotu ta binciken gidan Sir Cliff Richard, mawaƙin da mutanen Ingila suka tashi da jin muryarsa tun ƙarshen shekarun 1950. Irin wannan aiki a asirce aka saba yin sa. Amma kafin su iso, ma'aikatan BBC sun riga sun girke kyamarori a bakin ƙofa, jirgi mai saukar ungulu kuma ya hau shawagi a saman ginin. Da ƙarfe ɗaya na rana da wannan labari aka buɗe labaran talabijin: ga sunan mutum, ga gidansa daga sama, ga jami'ai ana hango su ta taga suna birkita kayansa. Mai gidan yana ƙasar Fotugal, shekararsa 73. A talabijin ya ga abin da ake yi a ɗakinsa.

Zargin ba ƙarami ba ne. Wani mutum ya ce mawaƙin ya yi lalata da shi tun yana yaro, a wajen wani taron wa'azin Billy Graham da aka yi a filin ƙwallon Bramall Lane na birnin Sheffield a 1985. Sai dai ba a taɓa kama Sir Cliff ba, ba a kuma taɓa gurfanar da shi ba. Sai a watan Yunin 2016, bayan ya shafe wata 22 da wannan tabo a goshi, masu gabatar da ƙara na gwamnati suka ce babu isasshiyar hujjar da za a kai shi kotu da ita.

To yaya aka yi BBC ta san rana, ta san wuri? 'Yan sandan ne da bakinsu suka gaya mata.

Wani wakilin gidan a arewacin Ingila, Dan Johnson, ya samu tsegumi cewa rundunar South Yorkshire na binciken mawaƙin. A watan Yuli ya kira shugabar sashen hulɗa da manema labarai ta rundunar, ya nuna mata ya san abin da ake ciki. Hankalin 'yan sanda ya tashi. A lissafinsu, muddin labarin ya fita kafin su shiga gidan, duk wata shaida da ke ciki za ta iya salwanta. Sai suka kira shi hedikwata, aka zauna, aka ƙulla ciniki: kai ka ja bakinka yanzu, mu kuma ranar da za mu je za mu sanar da kai. Sun cika alkawari har da gyara. Ana gobe za a je suka gaya masa, suka kuma tura masa hoton ginin da aka ɗauka daga sama don kada ya yi ɓatan kai.

Cikin watan Satumba kwamitin harkokin cikin gida na majalisar dokoki ya gayyaci shugaban rundunar, David Crompton, da shugaban BBC na lokacin, Tony Hall. 'Yan majalisar suka ɗora wa 'yan sanda rashin sanin makamar aiki. Suka ce da kuka ga ɗan jarida zai ɓata muku bincike, manyansa ya kamata ku kira, ba ku buɗe masa fayil ba. BBC kuwa suka wanke ta. Kotu ce daga baya ta ce wankin bai fita ba.

Sir Cliff ya maka su duka biyun a kotu. 'Yan sanda ba su ja da nisa ba, a watan Mayun 2017 suka nemi afuwa, suka biya diyyar fam 400,000. BBC ta kafe a kan cewa gaskiya ta faɗa, kuma jama'a na da haƙƙin su sani. Ranar 18 ga Yulin 2018 Mai Shari'a Mann ya yanke hukunci. Bai ce BBC ta yi ƙarya ba. Abin da ya ce shi ne, a bisa ƙa'ida, wanda 'yan sanda ke bincike a kansa yana da damar sa ran za a rufa masa asiri muddin ba a tuhume shi ba. Dalilinsa kuwa kowane Bahaushe zai gane shi: a takarda, wanda ake zargi ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, amma a majalisar hira abin da ake cewa shi ne ruwa ba ya tsami banza. Alƙalin ya yarda jama'a na da haƙƙin sanin cewa ana binciken manyan mutane kan cin zarafin yara. Abin da bai yarda da shi ba shi ne wannan haƙƙi ya kai ga sunan mutum da hoton ɗakin kwanansa. Ya ci BBC diyyar fam 190,000, ya ƙara 20,000 saboda gidan ya ɗauki wannan rahoto ya shigar da shi gasar gwarzon labarin shekara. Ɓarnar da suka yi tarayya a cikinta ya raba musu, kashi 65 cikin ɗari a wuyan BBC, 35 a wuyan 'yan sanda. Daga baya BBC ta biya kusan fam miliyan 2 na kuɗin shari'a.

Editoci sun yi ca a kan hukuncin, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Jimmy Savile, tauraron talabijin da ya shafe shekaru yana lalata da yara, ya mutu a 2011 ba tare da ya taka kotu ba, don kowace yarinya da ya cuta tana zaton ita kaɗai ce. Da aka kama wani tsohon mai gabatar da shirye-shirye, Stuart Hall, a ƙarshen 2012, fitar sunansa ce ta ba wasu mata ƙarfin halin fitowa, har ya amsa laifi. Wato akwai ranar da faɗin suna shi ne aikin 'yan sanda. Amma a shari'ar Sir Cliff babu wanda ya nuna cewa rundunar ta ba da labarin ne don neman ƙarin shaidu. Ta ba da shi ne don ta toshe bakin ɗan jarida guda na wata ɗaya. Da sirrin wani ta biya.

A watan Fabrairun 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙarfafa wannan ƙa'ida a shari'ar wani ɗan kasuwa Ba'amurke da kamfanin labarai na Bloomberg. Wata hukumar bincike ta aika wa wata ƙasa wasiƙar sirri tana neman taimako a kan binciken cin hanci, kwafin wasiƙar ya faɗa hannun ɗan jarida, aka buga. Kotu ta tabbatar wa mutumin diyyar fam 25,000, har yau kuma da haruffan ZXC kawai aka san shi.

Sassaucin ɗan jarida ba na jami'i ba ne

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware, don har ma'aikatan gwamnati kan faɗa cikinsa. Dokokin kare bayanai, irin wadda Birtaniya ta yi a 2018 a lokacin da dokar Tarayyar Turai ta fara aiki, sun yi wa aikin jarida sassauci mai faɗi. Ɗan jarida na iya tara bayanan mutum ba da saninsa ba, ya riƙe, ya buga, in dai yana da dalili mai ƙarfi na ganin cewa maslahar jama'a ce. Ba don haka ba, da babu ɓarawon gwamnatin da za a taɓa fallasawa, don kuwa babu wanda zai sa hannu a takarda ya ce na yarda a bincike ni.

Amma wannan rangwame na mai bugawa ne. Jami'in da ya miƙa fayil ba ya fakewa a inuwarsa. Shi tambayar da doka ke yi masa daban ce: don me aka karɓi wannan bayani tun farko, kuma miƙa shi ga ɗan jarida ya dace da wannan dalili? Wace doka ce ta ba ka dama? Ba za a cimma buƙatar da abin da bai kai wannan yawa ba?

Dalilin bambancin a fili yake. Ɗan jarida roƙo yake yi, kana iya rufe masa ƙofa. Hukuma kuwa ba ka da zaɓi. Wanda aka kai caji ofis dole ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. Mara lafiya dole ya gaya wa likita abin da bai gaya wa matarsa ba. Gwauruwar da ke neman tallafi dole ta lissafa 'ya'yanta da bashin da ake bin ta. Abin da aka karɓa ta hanyar tilas ko ta hanyar larura amana ce, ba kadarar ofis ba ce da za a ciro ranar da ake son faranta wa wani ko a rufe bakin wani.

Saboda haka ƙa'idar aikin 'yan sandan Ingila, tun bayan binciken Mai Shari'a Leveson na 2012 kan ɗabi'un jaridu, ta tsaya a kan iyaka guda: kafin tuhuma ba a faɗin suna, sai in akwai barazana ga rai, ko ana neman mutum ruwa a jallo, ko faɗin zai hana aikata wani laifi. Ana iya cewa an kama wani mai shekara kaza daga gari kaza. Da zarar an tuhume shi, magana ta koma ta kotu, kotu kuwa a buɗe take, sai a faɗi suna.

Lokacin da hukuma ke kare kanta

In ka bi irin waɗannan shari'o'i ɗaya bayan ɗaya, akwai abin da zai yi ta maimaita kansa. Ba kasafai hukuma kan saki sirrin mutum a ranar da take cikin natsuwa ba. Ta fi sakinsa ranar da aka matsa mata lamba.

A ƙarshen Janairun 2023 wata mata ta ɓace a gefen kogi a yankin Lancashire na Ingila. 'Yan sanda tun da wuri suka ce sun fi zaton ta faɗa ruwa ne. Mutane suka ƙi yarda. 'Yan TikTok suka cika ƙauyen, kowa ya zama mai bincike, ana leƙa gidajen mutane, ana zargin dangi, ana cewa 'yan sanda ba su san aikinsu ba. Ranar 15 ga Fabrairu, da surutu ya ishe su, rundunar ta fitar da sanarwa mai ɗauke da bayanin lafiyar matar, irin bayanin da ba ya wuce tsakanin mace da likitanta. Ba sai an maimaita shi a nan ba. Bai taimaka wajen gano ta ba ko kaɗan. Bayan kwana huɗu aka ga gawarta a cikin kogin, daga baya bincike ya tabbatar tsautsayi ne, kamar yadda 'yan sanda suka faɗa tun farko. Sun yi gaskiya a aikinsu, amma sai da suka tona asirin wadda suke nema don a yarda da su.

Firaminista na lokacin Rishi Sunak da ministar cikin gida ta lokacin Suella Braverman duk sun nuna damuwa. Ofishin Kwamishinan Bayanai ya duba, ya ce abin bai kai ga hukunci ba. Amma rahoton Kwalejin Aikin 'Yan Sanda da ya fito a watan Nuwamba ya ce fitar da bayanin ba dole ba ne, kuma da an so da an kauce masa. Rahoton ya kuma taɓo wani wuri mai ciwo: da rundunar ta kira amintattun 'yan jarida tun farko ta yi musu bayani a sirrance, irin wanda ba na bugawa ba, da sun gane inda aka dosa sun rage hasashe. An ja baya daga irin wannan zama ne tun bayan badaƙalar sayar da labarai ga jaridu a farkon shekarun 2010, wadda ta kai jami'an gwamnati da dama gidan yari. Ɗan sanda ya koma tsoron a gan shi da ɗan jarida. Da aka rufe ƙaramar ƙofa, sai aka wayi gari an fasa katanga gaba ɗaya.

Na Ostireliya ya fi wannan muni, don shi da gangan aka yi. Gwamnati ta ƙirƙiro wani tsarin kwamfuta da ke lissafa wa masu karɓar tallafi bashin da sau da yawa ba su ci ba. A 2017 wata mata ta rubuta a jarida irin wahalar da ta sha, sai ma'aikatar da ke kula da tallafin ta ɗauki bayanan fayil ɗinta ta ba wani ɗan jarida, wai don a gyara kuskuren da ke cikin rubutunta. Ofishin kare sirri na ƙasar ya ce ba a karya doka ba. Amma hukumar bincike ta musamman da Catherine Holmes ta jagoranta, a rahotonta na Yulin 2023, ta ce yadda minista Alan Tudge ya yi amfani da bayanan masu karɓar tallafi a kafafen labarai don ya kashe bakin masu suka, wuce gona da iri ne a amfani da mulki. Saƙon ya isa ga kowa: in ka yi ƙorafi, fayil ɗinka na hannunmu.

Shiru ma yana da nasa farashin

Kada a ɗauka maganin shi ne hukuma ta kulle bakinta. Kalmar kare bayanai ta zama mafakar jami'in da ba ya son amsa tambaya. A 2023 Kwalejin Aikin 'Yan Sanda ta kawo shawarar a bar wa kowace runduna zaɓin faɗin sunan wanda aka riga aka tuhuma ko ƙin faɗi, ta kafa hujja da dokar kare bayanai. Editoci suka yi tsaye suka ce wannan hanya ce ta tuhumar mutane a ɓoye, ciki har da 'yan sandan da suka yi laifi. Dole aka janye.

Sai kuma abin da ya faru a garin Southport na Ingila. Ranar 29 ga Yulin 2024 wani matashi ya shiga ajin rawa na yara da wuƙa ya kashe 'yan mata uku. Shekararsa 17, don haka 'yan sanda ba su faɗi sunansa ba, sun dai ce haifaffen birnin Cardiff ne na Birtaniya. Kafin gari ya waye an ƙirƙiro suna na Larabci an watsa a intanet, an ce Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta kwale-kwale. Duk ƙarya. Washegari aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu zuwa wasu birane, har aka yi yunƙurin ƙona otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka a Rotherham. Ranar 1 ga Agusta alƙali ya ba da izinin faɗin sunan, amma wuta ta riga ta kama. A nan ba dokar kare bayanai ce ta ɗaure 'yan sanda ba, dokokin kare yara ne da na hana yi wa shari'a katsalandan. Darasin dai ya shiga. Da wani ya kutsa da mota cikin magoya bayan Liverpool a watan Mayun 2025, cikin sa'o'i kaɗan 'yan sanda suka ce farar fata ne ɗan Birtaniya mai shekara 53. Ba suna, ba hoto, ba adireshi. Iya abin da zai kashe jita-jita suka faɗa.

Holi a harabar hedikwata

Mai karatu a Kano ko Gusau ko Bauchi zai ce ai wannan duk rigimar masu abin hannu ce. A nan wa yake tambayar wanda ake zargi kafin a nuna fuskarsa?

Kowa ya san yadda holi yake. A fito da su daga bayan kanta a zaunar a ƙasa a jere, wasu ba riga, wasu da ankwa mutum biyu a haɗe. A gabansu a shimfiɗa kayan shaida: wuƙaƙe, adduna, layu, wayoyin hannu, ƙullin ƙwaya, wani lokaci bindiga ƙirar gida. Kwamishina ya karanta jawabi, kakaki ya ce 'yan jarida na iya yi musu tambayoyi. Sai a tura wa yaro makirufo goma a baki. Ya sunanka? Daga wace unguwa? Me ya kai ka? Shi kuma, ido a ƙasa, ɗan sanda na tsaye a kansa, ya ce wallahi sharrin shaiɗan ne, wannan ne karon farko. Kafin la'asar bidiyon ya zaga WhatsApp, an tura wa surukansa, an tura wa mai gidan da yake koyon sana'a, ƙanwarsa ta ji a makaranta. Ba lauya, ba alƙali, ba a ma rubuta takardar tuhuma ba.

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Lauyoyi irin su Femi Falana sun shekara suna cewa holi ya saɓa wa doka. Jihar Legas ta haramta shi a dokarta ta shari'ar laifuka a 2021. A watan Maris na 2025 hedikwatar 'yan sanda ta sanar cewa Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya jaddada hana holin waɗanda ake zargi kafin a gurfanar da su. Amma yanzu hukuma ba ta ma buƙatar ɗan jarida, kowace tana da shafinta. Hukumar yaƙi da ƙwaya ta NDLEA da ta yaƙi da rashawa ta EFCC sun saba fitar da hotunan waɗanda suka kama, mutum riƙe da allo mai sunansa, jaridu kuma su kwashe su buga yadda suka zo.

Masu goyon bayan holi suna da abin faɗa, ba kuma zan raina shi ba. Inda mutane suka saba ganin an kama ɓarawo yau gobe ya dawo unguwa yana taƙama, ganin fuska a talabijin shi ne kaɗai shaidar cewa an yi kamun. Da aka nuna mai makarantar da ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe a Kano a farkon 2022, gari ya ɗauki zafin da babu mai iya binne maganar, a watan Yulin shekarar kuma kotu ta yanke hukuncin kisa. Amma abin da ya ɗaure shi a kotu shaidu ne da hujjojin da masu gabatar da ƙara suka kawo. Kuma a ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke, da yawa daga cikin waɗanda aka nuna ba za su taɓa samun ranar da alƙali zai ce da laifi ko babu ba. Wanda aka saka a ɓoye bayan an gane kuskure, babu kwamishinan da ke kiran 'yan jarida ya wanke shi. Bidiyonsa na nan a Facebook ranar da zai je neman aure.

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta nuna fuskokin abin guda biyu. An kama ɗaruruwan matasa a Kano da Kaduna, an nuna wasu ga manema labarai a matsayin ɓata-gari. Wannan hoton hukuma ce ta zaɓe shi. Ranar 1 ga Nuwamba aka kai wasu Babbar Kotun Tarayya a Abuja da tuhuma har da ta cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare. Cikinsu akwai yara ƙanana, sun rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Wannan hoton babu wanda ya shirya shi, 'yan jarida ne suka ɗauka da kansu a kotu. Shi ne ya tayar da ƙura har Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su bayan kwana uku. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana bayyana yaron da ake tuhuma, kuma akwai abin dubawa a yadda aka watsa fuskokinsu. Duk da haka, tsakanin bayanin da hukuma ta miƙo don a yaba mata da wanda ɗan jarida ya gano don a binciki hukuma, akwai tazara mai nisa, ko da kuwa fuskokin yaran guda ne.

Najeriya yanzu tana da doka. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, aka kafa hukuma ƙarƙashin Dokta Vincent Olatunji. Sashe na 3 ya yi sassauci ga hukumomin binciken laifuka, ya yi ga aikin jarida. Amma duk wanda ya karanta sashen har ƙarshe zai ga sassaucin bai shafe ginshiƙan dokar ba: sashe na 24, wanda ya ce a yi amfani da bayani bisa adalci, don dalilin da aka karɓe shi, kuma iya gwargwadon buƙata, da sashe na 25 mai neman hujjar doka, suna nan a wuyan kowa, har da mai kaki. Kenan kakakin da zai ɗora hoton mutum da sunan unguwarsu a shafi yana da tambayar da zai amsa: wane bincike ne wannan hoto zai ciyar gaba? In ana neman wasu da ya cuta su fito, a faɗa. In ya gudu ne ana nemansa, a faɗa. In kuwa yana kulle a bayan kanta, kuma abin da ake so kawai a ce runduna na aiki, ana iya faɗin adadi da irin laifi da ranar zuwa kotu ba tare da fuska ba. Manyan tarar da hukumar ta sanar sun faɗa ne kan kamfanoni, naira miliyan 555.8 ga bankin Fidelity a 2024, naira miliyan 766 ga Multichoice a 2025. Ranar da irin wannan takarda za ta isa teburin wata hukumar gwamnati saboda ta yi holin talaka, ranar za a san dokar ta yi haƙora.

Mu 'yan jarida ma da namu kason. Holi labari ne mai arha: ba yawo, ba bincike, ga hoto, ga murya, wani lokaci har da kuɗin mota. Mun saba rubuta cewa an cafke ɓarayi, alhali abin da muka sani shi ne an kama mutane ana zarginsu. Kaɗan ne a cikinmu ke rubuta sunayen a littafi su koma kotu bayan wata shida su ga ina aka kwana.

Akwai kuma hanyar gwada wace irin gaskiya hukuma ke son a sani. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2011 ta ba kowa damar tambaya a rubuce, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 2025 cewa ta hau kan jihohi ma. A rubuta wa rundunar da ta fi kowa son kyamara, a tambaye ta: cikin waɗanda kuka nuna bara, nawa aka gurfanar? Nawa kotu ta samu da laifi? Nawa aka saka? Nawa suka mutu a tsare? Babu sunan kowa a cikin waɗannan alƙaluma, babu sirrin da za a ce ana karewa. Dokar ta ba su kwana bakwai su amsa.